Waƙar Ɗan Juji

Ranar da na fara jin waƙar kakata a bakin waya, ina cikin keke ne, ina dawowa daga awon hawan jini. Direban, wani matashi mai aski kamar an fara an fasa, ya kunna labari yana saurare, irin wanda namiji mai kaurin murya ke karantawa ana saka masa kukan mujiya a baya. Ban kula ba, don hankalina na kan ramukan titi da abin da suke yi wa ƙuguna. Can sai na ji muryar ta sauya, ta koma ta tsohuwa mai shaƙaƙƙen maƙogwaro, ta ja waƙa a hankali:

Wa ke son ka? Ba kowa.
Ɗan juji, ɗan bola.
Mai wucewa, wuce abinka,
Nan ba yaro, sai tsumma.

Matar da ke kusa da ni ta yi a'uziyya, ta ƙara rungume 'yarta. Direban ya yi dariya ya ce, "Ai Hajiya, mayyar nan ba ta da imani. Duk yaron da ta yi wa waƙar nan ba ya kwana uku." Ƙarya yake yi. Wannan waƙar reno ce ta gidanmu, da ita aka roƙa wa yara rai, kuma ni ce na ba da ita da bakina.

Tudun Wadar da na tashi a ciki ba ta da wannan hayaniya. Da asuba ƙarar taɓarya ce ke tayar da mutum, gida yana amsa wa gida, har ka iya gane wace mata ce ta makara. Da hantsi a ji kukan jirgin ƙasa daga nesa, mu 'yan mata mu tsaya da guga a bakin rijiya muna ƙirga sau nawa zai yi. Ta wajen Tudun Jukun gonaki ne da itatuwan ɗorawa, can muke zuwa tsintar kara. Kuma kowane abu na yaro da waƙarsa. Akwai ta wanka, akwai ta koyon zama, akwai wadda ake yi ana riƙe da hannayensa biyu yana ɗaga ƙafa, akwai ta ranar da haƙori ya tsaga. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, a bayan uwa muka ji su tun ba mu san ma'anarsu ba. Yau kuwa in jariri ya yi kuka sai a danna masa waya a fuska, wasu 'yan tsana su yi ta tsalle, ya yi shiru yana kallo da baki buɗe, a ce ai yaron akwai wayo.

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna. Bayana ta haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Mutane suka fara ce mata mai wabi, wato matar da 'ya'yanta ke zuwa su koma. Da na huɗun ya zo, namiji, sai Iya, uwar Babanmu, ta karɓi ragamar al'amarin, kuma in Iya ta karɓi abu ba mai sa mata baki. Ranar da ya kwana uku ta naɗe shi a tsohon zani ta kai shi kan jujin bayan gida ta ajiye, ta juya baya kamar ta zubar da shara. Maƙwabciyarmu, wadda aka riga aka shirya da ita, ta zo ta ɗauke shi tana cewa ta yi tsintuwa. Aka huda masa kunne ɗaya kamar mace, aka hana shi sabuwar riga. Sunansa na yanka yana nan, amma kowa Ajuji yake kiransa. Babanmu tela ne mai zuwa karatu bayan la'asar, ya san wannan camfi ne, ya kuma faɗa sau ɗaya. Amma mutumin da ya ɗauki ƙananan gawa uku a hannunsa zuwa maƙabarta ba ya da ƙarfin jayayya da uwarsa.

Waƙar ita ce babbar doka. Mai reno ta ce, "Wa ke son ka?" duk macen da ke kusa ta amsa, "Ba kowa." Har Inna sai ta amsa, tana daka hawaye na zuba cikin turmi. Na taɓa tambayar Iya wane ne mai wucewan da ake kora. Ta dalle mini baki da yatsa ta ce, "Ba a tambayar sunansa. Zagaya gidaje yake yana taya kaya, mai kyau yake nema. In ya ji masu abu da kansu suna kushe abinsu, sai ya yi gaba." Tun daga ranar duk wanda ya gifta ƙofar gidanmu sai na bi shi da ido har ya sha kwana.

Lokacin sabbin haƙoran gabana ba su gama fitowa ba, amma renon Ajuji a wuyana yake, don Inna na fama da aiki da rashin ƙarfin jiki. Ina jin ɗumin cikinsa a bayana har yau. Yaro ne mai kumatu, mai yawan dariya, in na yi gudu da shi sai ya kama kitsona yana ƙyalƙyatawa. Ina son sa, son da ban sake yi wa wani abu ba sai da na haifi nawa. Abin da ke ci mini rai shi ne gindin durumin da 'yan reno ke taruwa. Kowace tana jijjiga nata tana kiransa ɗan sarki, ɗan alhaji, mai doki, ni kuwa in na buɗe baki sai juji da bola. Su kwashe da dariya su ce, "Ke naki a shara aka tsinto shi, ko?" In koma gida ina haɗiye kuka.

Wata rana cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, aka aike ni in kai wa Babanmu abinci shago. Iya ta tafi barka, Inna na kwance. Na yi wa Ajuji wanka, na shafa masa man gyaɗa har yana ƙyalli, na ɗauko tandun kwallin Inna na zizara masa, na buɗe adaka na zaro sabon ɗankwalinta na goya shi da shi. Da na fito titi, ga kwano a ka, ga shi a baya, sai na ji duk Tudun Wada tawa ce. Na ɗaga murya da karin waƙar Iya, amma da kalmomina:

Wa ke son ka? Ni ce nan.
Ɗan gwal, ɗan lele.
Mai wucewa, tsaya ka gani.

Ban kai ƙarshe ba. Wata mata da ban taɓa gani a unguwa ba, doguwa, ta ja lulluɓi har gira, ta tsaya a gabana. Ta zagayo ta leƙa fuskarsa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kai, wannan yaro da kyau yake." Ba ta ce tubarkalla ba. Ta wuce, ni kuma na tsaya ina jin miya na zubo mini ta gefen kunne, don kwanon ya karkace ban sani ba.

Na mayar da ɗankwalin kafin kowa ya gani, amma kwalli ba ya fita da wanki ɗaya. Da Iya ta dawo ta ɗaga shi, ta dubi idanunsa, ta dube ni. Ta ce, "Me kika rera masa a hanya?" Na ce, "Wadda kika koya mini." Ba ta dake ni ba, kuma da ma dukan ta yi mini. Kwana huɗu bayan haka jikinsa ya ɗau zafi, idanun suka yi ja, ƙyanda ta feso. A wannan bazarar gidaje da yawa sun yi rashi a layinmu, har da gidajen da ba a taɓa jin waƙar Iya ba. Na zauna kusa da shi ina ta rera ta gaskiyar, ina maimaita "ba kowa, ba kowa" har muryata ta dushe, ko mai wucewan zai yarda cewa wasa nake rannan. Ana kiran sallar la'asar Inna ta zare hannunsa daga kitsona, rai ya yi halinsa.

Ban faɗa wa kowa ba. Iya ma ba ta sake tambayata ba. Sai da ta kwanta ciwon ajalinta, ina matar aure, ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Waƙar nan ke na bar wa. Ki riƙe ta yadda take. Kada ki sake gyara ta." Wannan "sake" ɗin ya fi duk dukan da ba ta yi mini ba ciwo.

Kada wani ya ɗauka ni jahila ce. Na je Islamiyya da girmana, na sauke farali, na san rai da ajali na Allah ne, na san ƙyanda cuta ce mai rigakafi, kuma 'ya'yana ba wanda ban kai an yi masa allura ba. Na yi istigfari kan abin da ke cikin zuciyata ba adadi. Amma abin da kai ya sani daban, abin da bayan mai reno ya sani daban. Shekara da shekaru, in mace a unguwa ta yi rashi biyu ko uku, sai uwarta ta kawo mini jaririn a ɓoye, in ɗora shi a cinya in kushe shi, uwar ta amsa. Wasu sun rayu, yau suna da gemu, wasu sun koma. Ban taɓa cewa waƙa ce ta raya wani ba. Abin da na sani, uwar da tsoro ya hana barci takan fita daga ɗakina da ɗan sauƙi a fuska.

Jikata, 'yar babban ɗana, wadda aka sa wa sunana, ita ce marubuciyar gidanmu. Iyayenta mata sun yi zamanin ƙananan littattafan da ake haya a shago ana ɓoyewa cikin littafin makaranta, ita kuwa a waya take rubuta nata, ta tura wa mata a rukuni-rukuni, daga baya wani ya karanta da murya kowa ya ji. Tana amarya a Hanwa ta zo mini da goro da turare, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Kaka, ki ba ni waƙoƙin reno na da, kada su ɓace." Kaina ya yi girma, don tsohuwa in aka ce ta san wani abu ba ta da birki. Na yi mata ta wanka, na yi ta haƙori, tana hamma. Da na zo kan ta Iya sai ta miƙe zaune. Ta ce, "Wayyo Kaka, wannan da ban tsoro take! Sake yi." Na ce, "Ke takwara, ba ta tsoro ba ce, ta ƙauna ce." Ta ce to, yatsunta na ta gudu a kan gilashi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sau uku na maimaita mata. Da a ce na ba ta labarin Ajuji a ranar, na tabbata da ta saurara, don yarinyar ba muguwa ba ce. Amma bakin da ya saba rufuwa tun yarinta bai buɗe ba, wannan kuwa laifina ne.

Abin da ta yi da waƙar shi na ji a keke. Ta sa ta a bakin wata tsohuwa mai kama kurwar jarirai. Labarin ya karɓu yadda ba a zata ba. Sai ka ji shi a shagon tela, a wurin niƙa, a ɗakin mai kitso. Yara suka ɗauke ta, suna laɓewa a lungu su rera don su firgita ƙannensu. Da na yi mata magana sai ta yi dariya ta ce, "Haba Kaka, labari ne kawai. Ai ma na raya miki waƙar, yanzu kowa ya iya ta." Lallai kowa ya iya ta. Kuma a layinmu akwai waɗanda suka tuna a bakin wa suka fara jin ta tun waya ba ta zo ba. Suka fara tuno jariran da aka kawo mini waɗanda ba su rayu ba, masu gemun kuwa ba wanda ya tuna da su. Ina sayar da soyayyar gyaɗa a zaure, yara suka daina zuwa. Matar da na yi wa wankan jego da hannuna yanzu daga nesa take gaishe ni, ta mayar da goyonta ɗaya gefen. Ba wanda ya furta kalmar mayya a gabana. Amma ina ƙarama na ga tsohuwar da aka jawo daga ɗakinta aka tilasta mata tsallaka yaro marar lafiya jama'a na ihu, na san daga inda ake farawa.

Cikin waɗannan shekarun takwarata ta haihu sau biyu. Ta farin ba ta kai suna ba, na biyun ya yi wata huɗu. Ta daina rubutu, ta rame, dariyar nan tata ta tafi. Labarinta kuwa bai daina yawo ba, don abin da ya shiga waya ba ya dawowa hannun mai shi. Watan jiya ta haifi na uku, namiji, aka kawo ta gida wanka, ɗakin da ke jikin nawa.

Ranar suna tsakar gida ta cika da mata, namu da dangin miji. An sa wa yaron farar riga mai aiki, kowa na ɗaukar hotonsa yana turawa duniya, ana ta cewa ga kyau ga hanci, kaɗan ne ke tunawa da tubarkalla. Wata ta miƙo mini shi tana tsokanata, "Kaka, ga angonki, sai ki fito da kayan ɗaki." Na karɓa. Kumatun nan, nauyin nan a hannu, har yadda ya laluba ya kama bakin mayafina. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya fara da kansa, can ƙasa-ƙasa. Na ce, "Wa ke son ka?" Ba wadda ta amsa, sai na amsa wa kaina. Ban kai layi na uku ba na ji surutu na mutuwa daga kusa da ni zuwa bakin ƙofa. Wata yarinya ta ce da ƙarfi, "Umma, waƙar mayya!" aka toshe mata baki. Gwaggon mijin ta ajiye kwanonta ta ce, "Hajiya, lafiya kuwa?"

Takwarata ta taso ta durƙusa a gabana. Na dube ta ina jira, don kalma biyu kawai za ta faɗa, ta ce waƙar kakannin kakanninta ce, ita ta karkatar da ita. Ta dubi dangin mijinta, ta dubi ƙasa. Ta zare yaron daga hannuna a hankali ta ce, "Ku yi haƙuri, tsufa ne. A wayata ta ji, shi ne ta riƙe." Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, aka ci gaba da rabon abinci. Na koma ɗaki. Na sha baƙin ciki a duniya, amma wannan ya zauna mini a wuri na daban. Tun ranar ba a sake ba ni shi ba, in na doso sai a ce ya yi barci.

Jiya tun safe yaron yake kuka, wani siririn kuka da na sani. Na ji uwar takwarata na cewa jikin da ɗan ɗumi, a bari a gani zuwa anjima, sannan ta fita unguwa. Bayan azahar ina zaune a ƙofar ɗakina ina ɓarar gyaɗar da ba mai saye, sai na ji takwarata ta taga tana jijjiga shi. Karin Iya ne, ba kuskure, irin yadda na rera mata shi a bakin gado. Amma ta gyara kalmomin, ta wanke su daga abin da ta shafa musu:

Wa ke son ka? Kowa da kowa.
Ɗan gata, ɗan albarka.
Mai wucewa, zo ka gani.

Gyaɗar ta zube daga cinyata. Na san abin da zai biyo baya in na shiga ɗakin nan, ga maƙwabta katanga ɗaya ce tsakaninmu. In na taɓa shi Allah Ya yi ikonSa, ba sai an nemi mai laifi da nisa ba. In kuma na zauna, to na sake tsayawa a titi da kwano a ka ina kallo. Na laluba sandata na miƙe.

Na buga ƙofar, waƙar ta tsaya. Ta buɗe kaɗan, idanunta sun kumbura. Na ce, "Takwara, akwai labarin da ban ba ki ba." A tsaye na ba ta shi, ta tsagar ƙofa, da kwallin da ɗankwalin da doguwar matar da ƙaryar da na yi wa Iya. Abin da ban faɗa wa uwata ba, ban faɗa wa mijina ba har ya rasu, ya fito cikin ɗan lokacin da ruwa ke ɗauka ya tafasa. Na ce, "Ban ce waƙa na kashewa ba, ban ce tana rayawa ba. Sa mayafinki, asibiti za mu yanzu, ba sai anjima ba. Amma ba zai fita titi da wannan rigar ba."

Ta saki ƙofar. Da hannunta ta cire masa rigar mai aiki, ni kuma na kwance tsohon zanin da ke kafaɗata muka naɗe shi. Jikinsa zafi rau. Na ɗora tafina a kansa, ban rage murya ba, na ce, "Wa ke son ka?"

Ta ƙanƙame shi a ƙirji kamar za ta mayar da shi ciki, hawaye na ɗiga a kan zanin.

"Ba kowa," in ji ta.

Muna fita neman keke na ji maƙwabciya a bayan katanga tana kiran 'ya'yanta, ɗaya bayan ɗaya, su shigo gida.